Ƙayar da Na Kafa a Burtali

Ni na toshe burtalin. Na faɗa tun farko don kada a ɗora wa mijina, wanda a lokacin ya shekara biyu a ƙasa.

Fadamar da ya bar mana tana kusa da Tozai, bakin tabki. Ta gefenta burtali ya bi, hanyar da shanu ke sauka su sha ruwa. Kowace kaka in an yanke gero, wata Bafillata, ƙawata, takan gangaro daga arewa da mutanenta. Shanunsu su ci kara a gonarmu ta tudu, su bar mana taki. In damina ta kawo kai za su tashi, takan ba ni ajiyar babbar ƙwaryarta ta tatsa, ta ce muddin tana ɗakina, ita ma tana nan dawowa.

Shekarar da albasa ta yi daraja, na dubi burtalin, ƙasa baƙa wuluk, ta ƙoshi da kashin shanu. Na sa aka saro ƙaya, na ja shinge har bakin ruwa, na dasa albasa. Na ce shanu su zagaya ta gefen laka, ai ƙafa gare su.

Saniya ba ta manta hanya. Da hantsi suka iso, tsohuwar farar saniya mai jan garke tana gaba. Ta zo gaban ƙaya ta tsaya, sauran suka tsaya bayanta. Aka yi kora, ta ƙi juyawa. Ko kuka ba ta yi ba, ruwan kawai take kallo ta saman kaina.

Ƙawata ta matso. “Ƙawa, nan uwatta tas sha, nan ita ma taka sha. Ina za ni ce mata ta tai?”

Na ce marayu gare ni, ba za ni ciyar da su da sawun shanu ba.

Suka zagaya. Farar ta nutse a laka har ƙirji, nan aka yanka ta. Washegari suka kwashe. Ƙawata ba ta zo sallama ba, ba ta karɓi ƙwaryarta ba.

Albasa ta yi kyau, ba na ƙarya. Ina cire ta na ƙone shingen, ban sake sa fartanya a wurin ba, ’ya’yana sun yi magana har sun gaji. Daga baya daji ya lalace, shanu suka daina bi ta nan. Na tambayi masu tallan nono a kasuwar Bafarawa, ba wadda ta san inda suka nufa.

Duk kaka nakan sauke ƙwaryar in wanke. In kuma hantsi ya same ni a fadama, ba na tsayawa tsakiyar burtalin. Nakan ratse gefe in ba farar saniyar hanya.