Surukina Da Keken Marigayi

Lokacin da abin nan ya faru ina cikin takaba, tsohuwa ce ni a wani ƙauye kusa da Likoro, idanuna sun fara hazo. Ban yi boko ba, maƙwabciyata ke rubuta muku abin da nake faɗa, ina faɗa ina share hawaye. Marigayi maigidana, Allah Ya jiƙansa, ya bar wani tsohon keke na gwanjo, irin mai shoka a gaba, wato ƙarafa biyun nan masu nutsewa su taso in an faɗa rami. Da shi yake kai rake kasuwar Makarfi. Tun tuni sifirin ɗin ciki ya mutu, sai Malam ya yanyanka tsofaffin silifas ɗina ya cusa a ciki, yana shafa man kaɗanya, ya ɗaure bakin da robar taya. Ni ke riƙe masa ƙahon in yana wannan aikin. Keken yana wani kuka, ƙiiƙi-ƙiiƙi, tun yana bakin rafi nake jinsa in ɗora ruwan wanka. Bayan rasuwarsa, kullum da la'asar nakan je zaure in danna ƙahon, ya yi mini kukan nan, in koma ɗaki.

Sai ga mijin 'yata ta fari ya zo, da wayarsa a hannu da tabarau kamar direban babbar mota. Mutumin da ko ƙotar fartanya bai iya sawa ba! Ya durƙusa daga nesa ya gaishe ni, sannan ya shaida wa mutanen zaure wai abin kunya ne a bar keken Baba haka, shi ya ga yadda ake tayar da shoka a waya, ba sai an kashe komai ba. Ina bayan zana ina ji. Kun san al'adarmu, ban taɓa haɗa ido da shi ba, balle in ce masa bari. Na aika maƙwabciyar nan ta ce masa Inna ta ce a bar shi. Ya yi dariya, ya ce a gaya wa Inna ta kwantar da hankalinta, gobe ba za ta gane keken ba. Wannan kam ya faɗi gaskiya.

Da ya kwance ya ga guntayen silifas, sai ya ɗaga su yana nuna wa jama'a, wai ashe Baba takalmi ya sa wa keke, shi ya sa yake tafiyar tsofaffi. Aka yi ta ƙyaƙyatawa, ya watsa su a juji. Ya ɗura baƙin mai, ya kawo sifirin na babur wanda ya fi ramin girma, ya hau shi da guduma yana gumi yana leƙa waya. Ina jin kowane bugu a ƙirjina. Ƙarfen ya tsage. Gwanin namu ko kunya, ya ce dama kayan ne ruɓaɓɓe. Ya tura keken Makarfi wurin mai walda, aka liƙe ƙarafan suka zama sanda guda, ya dawo yana cewa yanzu ma ya fi ƙarfi, har yana jiran in sa masa albarka. Na kuwa aika masa da sannu da aiki.

Na fi jin haushin wannan sannun da kome. Kunyata ta kare mutuncin sakarai, ta kasa kare aikin hannun mutumin da na yi zaman rayuwata da shi. Mata 'yan'uwana, in mai rawar kai ya tunkari abin da mamaci ya bar muku, ku ɗaga murya ko daga bayan zana ne, ko da suruki ne. Za a ce tsohuwa ta yi rashin kunya, a manta. Ni har yau ina zuwa zaure da la'asar, in danna ƙahon da duk ƙarfina, ba ya cewa kome.