Kitse a Fankar Kwamfuta

Fankar tsohuwar kwamfutata ta dinga ƙara kamar injin ban-ruwa a Bakolori. Na rantse mai gyara a Mafara ba zai ci kuɗina ba.

Na kwance ta da kaina, na ga mai kawai take so. Gidanmu gidan fawa ne, sai na lakato kitsen rago na shafa mata. Ta yi tsit, na hau taƙama.

Tana ɗaukar zafi, ƙamshi ya cika gida. Inna ta leƙo: "Wa ka gashi cikin ɗaki?"

"Injiniya ne ke aiki, Inna."

"To injiniya, in ta gasu a sammana."

Yau kiyashi sun yi layi har cikinta. Jama'a, me ke korar su? Ban da dariya, don Allah.