Kiwon da Namadi Ya Kai Sakkwato

Namadi taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, saboda haka ina da bakin faɗin abin da wasu za su ji nauyin faɗa a kansa. A Jabo aka haife mu, tare muka tashi. Ni na kama ɗinki a kasuwar Tambuwal, shi ya tsaya a gona, da rani ya ɗora wa jakunansa auduga ya kai wurin awo. Mutum ne mai tsantseni har ya kai ga ba ka haushi. In ka ba shi ajiyar goro ka manta, sai dai ya ruɓe a hannunsa, ba zai ɓara ko ɗaya ba. Na sha yi masa tsiya a kan haka, shi kuwa sai ya yi murmushi ya ci gaba da abin da yake yi.

Gidansu manoma ne masu shanu, kuma suna da al'adar da suka riƙe da hannu biyu. Ranar sunan jariri ana nuna masa karsana daga cikin shanun uwarsa ko na ubansa. Duk abin da karsanar ta haifa nasa ne. In mace ce, shanun su bi ta gidan miji, ita ma ta nuna wa nata 'ya'yan daga ciki. Mahaifiyarsu Kulu ta zo daga gidansu da wata saniya da ake kira Kyalla, saboda farin zanen da ya ratsa cikinta, kuma daga tsatsonta aka nuna wa Namadi da wansa Ɗangiwa. Na Namadi ciwon shanu da ake kira bushiya ya kwashe su a shekara guda, yana ji yana gani. Na Ɗangiwa suka tsira, sai shi Ɗangiwan ne bai yi tsawon rai ba. Ya rasu ya bar 'ya ɗaya, Mardiya, da ɗan garken da ya rage daga Kyalla, duka a hannun Namadi. Wani dattijon makiyayi mai suna Jumare ne yake kiwon su a wajen Kebbe.

Shanun nan sun hana Namadi barcin kirki. Da ya ji an ce wata dabba ta kwanta a wani gari, sai ya ɗaura wa jaki akumari ya nufi Kebbe ya duba. Ga jangali, harajin shanu, da ke yankar garken kowace shekara. Kullum maganarsa ita ce yadda zai miƙa wa marainiya kayanta cif ranar da za ta buƙace su.

Ana cikin haka aka samu mulkin kai. Wanda bai ga lokacin ba zai yi wuya ya gane yadda zukata suka buɗe. Kowa gani yake komai zai yiwu, tunda ƙasa ta dawo hannunmu. Bayan shekara sai ga Ɗan'iya, ɗan Tambuwal da ya yi karatu yake aikin akawu a Sakkwato, ya zo ran kasuwa da labarin wani kamfanin motoci da 'yan kasuwar Arewa suka kafa, don ɗaukar auduga da gyaɗa zuwa bakin jirgin ƙasa. Ya ce ana sayar da hannun jari, talaka ma zai iya sa nasa ya zama mai kamfani. A bakin rumfata ya zauna yana bayani, kuma ina shaida bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Da ya ga manoma ba su gane ba, sai ya sauƙaƙa musu, ya ce abin kamar bayar da kiwo ne: ka ba wanda ya iya, dukiyarka tana haihuwa kana gida. Ya ƙara da cewa wannan kiwon babu bushiya, babu kura, babu jangali.

Na ga lokacin da maganar ta shiga Namadi. Na ce masa tun yaushe ƙarfe ya fara haihuwa, ya ce ni da ban san komai ba sai zare da allura in yi masa shiru. Bai sa ko ƙwandalarsa ba, don ba riba yake nema wa kansa ba. Abin da yake so shi ne ya kai amanar inda ciwo ba ya zuwa.

Da ya je karɓo shanun, Jumare bai yi masa gardama ba, tunda shi ne waliyyi. Amma ya ƙi kora su zuwa kasuwa, ya ce a nemi wani. Namadi ya gaya mini cewa dattijon ya juya wa shanun baya, har suka ɓace a cikin daji bai juyo ba. An sayar da su a kasuwar Tambuwal, mahauta suka ɗauki wasu, fataken kudu suka ɗauki sauran. Ya kai kuɗin kamfani, aka ba shi takarda mai hatimi, ya kawo mini na ɗinka mata jakar fata.

Daga nan ya ɗauki kamfanin nan tamkar ruga. Kowace kaka, yadda ya saba kai wa Jumare gero da kanwa, haka ya riƙa ɗaukar damin gero da kaji ya hau mota ya kai wa Ɗan'iya a ofis, wai don a kula da na marainiya. Ɗan'iya ya yi ta roƙonsa ya daina, ya ƙi. In motar kamfanin ta tsaya shan ruwa a Tambuwal, sai ka ga Namadi ya zagaya ta yana duba tayoyi, yana yi wa yaran mota faɗa a kan lodi ya yi yawa. Direbobi har suna suka sa masa, suna ce masa mai garke.

Kuskuren da ya fi ci mini rai ya zo ne da ribar farko. Kamfani ya samu ciniki, aka raba wa masu hannun jari rabonsu, Ɗan'iya ya kawo na Namadi har gida. Namadi ya tambayi ko mene ne, aka ce abin da jarin ya samar ne a shekara, jarin kuma yana nan. Sai ya ce ai wannan nono ne, nono kuwa na makiyayi ne, mai shanu maruƙa yake jira. Ya ce bai taɓa karɓar ko ƙwarya ɗaya daga hannun Jumare ba, ba zai fara yanzu ba. Ɗan'iya ya rantse ba zai ci haƙƙin marainiya ba. Suka yi ta ja, daga ƙarshe suka shirya a kan a riƙa mayar da ribar cikin kamfani ana ƙara mata hannun jari. Namadi ya yi murna ƙwarai, ya ce yanzu ya ga maruƙa. Da ya karɓi abin nan shekarun da aka yi ana rabawa, da ko karsana biyu ya tsira da su.

Mardiya ta girma, ta daidaita da Bube, wani manomi daga Fakku, aka yi biki. Da dangin miji suka tambayi shanun amarya, Namadi ya ce suna wurin kiwo a Sakkwato, za su zo in ta haihu. Ba wanda ya ga abin mamaki, don an saba barin shanun amarya a ruga har zuwa haihuwar fari. Shi ma a zuciyarsa gaskiya ya faɗa. Yana ganin ranar da ya je ya ce a ba shi, za a ba shi, ya bi sawun fatake da mahauta ya nemo ko jikokin Kyalla ne.

Sai shekarar da ƙasa ta rikice ta zo. Sojoji suka karɓi mulki, aka yi tashin hankali a birane, makanikan da ke gyaran motocin suka tattara suka koma garuruwansu. Motoci suka riƙa tsayawa ɗaya bayan ɗaya. Mu a Tambuwal mun lura sun daina wucewa, amma Namadi ya ce ko shanu ma suna rama da rani. Da aka aiko cewa cikin Mardiya ya tsufa, ya ce in raka shi Sakkwato ya karɓo kayanta. Na bi shi, da ma ina neman kayan keken ɗinki.

Mun tarar da ofis babu kowa sai Ɗan'iya da tebur ɗaya. Filin da motoci ke kwana ya zama fayau. Ɗan'iya ya rame, ya kasa haɗa ido da mu. Ya yi bayani a hankali cewa kamfani ya durƙushe, an sayar da sauran motocin an sallami banki, masu hannun jari babu abin da ya rage musu. Shi kansa abin da ya tara ya tafi a ciki.

Na zaci Namadi zai yi faɗa ko ya faɗi. Sai ya yi salati, sannan ya ce, "To, Allah ya karɓi abinai. Ba ni fata in kai ma ɗiyar."

Ɗan'iya bai gane ba, sai da na yi masa bayani. A wurinmu in dabba ta mutu a hannun makiyayi, yakan kawo fatarta mai ɗauke da shaidar gidan. Da an ga fata magana ta ƙare, ba zargi, ba rantsuwa, an san mutuwa ta yi, ba sayarwa aka yi aka ci ba. Ɗan'iya ya ce zai rubuta masa takarda ya sa hannu.

"Takarda nika da ita tun farko," in ji Namadi. "Su mutanen Fakku mi za su gani cikinta? Ko ƙarfe guda babu, wanda zan aza gabansu in ce ga shi, nan yam mutu?"

Babu. Wanda ya sayi motocin ya kwashe har da tsofaffin tayoyi. Haka muka kamo hanyar gida. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma yana cina, har yau ban raba su ba.

Kafin suna ya sayar da fadamarsa, wadda ita ce ke ciyar da gidansa da rani, ya shiga kasuwar shanu. Ina tare da shi. Akwai wata karsana mai farin zane a ciki, kai ka ce Kyalla ce ta dawo. Na ja hannun rigarsa na nuna masa, na ce ya ɗauki wannan kowa ya huta, ba wanda zai tona. Ya dube ta ya daɗe, sannan ya wuce ta, ya sayi wata ja wur wadda ba ta da ɗigon fari ko ɗaya, da wasu 'yan shanu iya abin da kuɗin fadamar ya kai. Da ƙafa ya kora su har Fakku.

Mardiya ta haifi mace. Bayan an raɗa suna an watse daga ƙofar gida, aka shigo da jar karsanar tsakar gida don a nuna wa jaririya. Mata sun cika wurin. A al'ada, tsohuwar gida ce ke kama igiyar ta ambaci uwar karsanar da kakarta, har zuwa inda aka sani, don yarinya ta tashi da sanin tushen abinta. Goggo Atu, mahaifiyar Bube, ta kama igiya. Ta dubi dabbar sama da ƙasa, ta dubi Namadi. Ba da mugunta ta yi tambayar ba, aikinta ne.

"Malam Namadi, wagga ɗiyar wace saniya ce?"

"Ban sani ba, Goggo. Kasuwa nis saye ta."

"To na Kyalla fa?"

"Na sayar da su tun tana ƙarama, na kai inda nika zaton ba su mutuwa. Sun mutu, kuma ban zo da fata ba."

Goggo Atu ta tsaya da igiya a hannu, ba ta da sunan da za ta kira. Can sai muka ji muryar Mardiya daga ɗakin jego, ta bayan asabari.

"Baffa, ni ban tambaye ka fata ba."

Namadi ya sunkuyar da kai. Ya ce ya sani, amma jaririyar za ta girma ta tambaya, ita kuwa ba ta san halinsa ba. Goggo Atu ta ɗora hannun jaririyar a goshin karsanar, ta yi addu'a kawai, aka fitar da dabbar. Bai tsaya cin abincin suna ba.

Mutanen Fakku wasu sun yarda da shi, wasu sun ce ya ci dukiyar marainiya ya zo yana wanke kai, kuma bai taɓa mayar wa kowa da martani ba. Sauran shekarunsa ya yi su yana ƙwadago a fadamar da ta kasance tasa. Mardiya takan aiko masa da man shanu daga Fakku duk damina, shi kuma ya karɓa ya yi godiya, ya ba maƙwabta. Har ya rasu bai sa shi a bakinsa ba.