Dabinon da Kaka ta ce ba ya rabuwa

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Kaka ta rasu, ba ta da bakin kare kanta, kuma ina tsoron ɗaukar alhakinta. Amma abin ya hana ni sukuni.

A gidanmu na Gure, lokacin sanyi, bayan tuwo mukan kewaye murhu, Kaka, mahaifiyar innata, tana gasa mana gyaɗa a toka. Akwai tatsuniyar da ba ta gajiya da ita. Wani tsoho ne ya mutu ya bar itacen dabino ɗari tara da goma sha bakwai a cikin kwari. 'Ya'yansa suka ce sai an raba. Aka kasa biyu, ɗaya ya rage. Aka kasa uku, biyu suka rage. Haka har shida, kullum da saura. A kan sauran nan suka yi faɗa, suka sassare itatuwan, rijiya ta ƙafe, yashi ya binne kwarin.

"Kun ji ko, 'yan nema?" in ji ta, tana nuna mu da tsinken wuta. "Wannan adadi Allah bai yi shi don rabo ba. Dabinonmu na gado na wajen Bune ma haka yake, ɗaya bai ƙaru ba. Shi ya sa yana hannun babba."

Babban shi ne Kawu, ɗanta na fari. Duk shekara yakan aiko wa Inna buhu guda na dabino, ta yi godiya har da hawaye. Da na girma, ƙannena suka ce mu nemi rabonta, ni na hana. Na ce kada mu zama 'ya'yan tsohon nan. Inna ta rasu a ɗakin haya.

Bara ina ba 'ya'yana tatsuniyar, da na kai shida sai bakina ya zarce bakwai. Karatuna bai wuce firamare ba, amma a lakwal an koya mana rabawa. Ɗari da talatin da ɗaya ya fito, babu saura. Ban yarda da kaina ba, na gwada a waya, na sake da tsakuwa a tsakar gida. Sannan na tuna: adadin nan shi ne ya rage bayan an ware wa Kaka tumuninta a gadon mijinta, kuma magada maza biyu ne, mata uku har da Inna. Kaso bakwai ke nan cif.

A shida take tsayawa kullum, ta ce mu tashi wuta ta mutu. Ita ce matar da take ɓoye mini ƙanzo a gefen zanenta. Ko ta sani?

Don Allah, wanda ya taɓa jin wannan tatsuniya a Gure, Gamu ko Alakos, daga bakin da ba na gidanmu ba, ya gaya mini adadin da aka faɗa masa. In ɗari tara da goma sha bakwai ne, to gadon tatsuniyar Kaka ta yi, zan samu barci. In kuma babu wanda ya taɓa jin ta, shi ma ina so in sani.