Jinin Ƙaho Ya Ƙi Tsayawa

Waɗanda ke tsakar gidan a ranar su ne ƙanena, limamin unguwarmu a Ƙaura, da matarsa, da babban ɗansa malamin firamare, da wanzamin gidanmu, sai ni da na leƙo gaisuwa. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ce, ana tsakiyar yankan gero.

Ƙanena yana da ciwon zuciya. Likita ya ɗora shi kan asfirin 'yar ƙarama, ƙwaya ɗaya kullum, ya ce tana tsinka jini don kada ya daskare a jijiya. Kafin maganar ta iso gida ta gajarce, ta koma "maganin jini". Mu kuwa in an ce maganin jini, na ƙarin jini muka sani.

Shi ya sa da wanzami ya fara wasa aska, ɗan ya ce, "Baba, tunda za a ɗebe maka jini, ƙara ƙwaya biyu su mayar maka da shi."

Na ce, "Ɗaya likita ya ce."

Ya yi dariya. "Gwaggo, ke komi sai kin sa ido."

Uban ya haɗiye.

Wanzami ya yi tsaga a bayansa, ya kafa ƙaho, ya zuƙa. Na sha ganin ƙaho tun ina yarinya. In an cire, jinin yakan fito a dunƙule kamar hanta. Wannan ya zubo tsararo kamar zoɓo. Ya danna auduga, ta jiƙe. Ya sake, ta sake jiƙewa.

Wanzami ya ce, "Malam, mi ka ci?"

"Abin da ɗiyar mutane ta ba ni," in ji ƙanena, yana tsokanar matarsa. Bai ƙarasa dariyar ba leɓensa ya yi fari, ya kife kan tabarma.

Maza suka ɗauke shi a kabu-kabu zuwa asibiti. Lokacin an hana mata hawa, sai ni da matar muka bi su a ƙasa. Ko da muka isa an tsayar da jinin. Wata nas, Kirista daga kudu, ta tara mu gefen gadon, ta ce kowa ya faɗi abin da yake ba shi.

Matar ta ce ba ta ba shi magani, hodar ciwon kai dai ta cikin 'yar takarda take kaɗa masa a kunu. Ɗan ya ce shi ma haɗi kawai, ƙwayoyin ciwon jiki da ake ƙullawa a leda, yake sayo masa a Kasuwar Daji, saboda gwiwa na hana shi tsayuwar salla. Suka dubi juna. Babu wanda ya san da na ɗan'uwansa.

Nas ɗin ta ce hodar nan asfirin ce a ciki. Ƙwayoyin haɗi kuma in sun gamu da asfirin, kankare tumbi suke yi har ya riƙa tsiyayar jini. Ta juya wurinsa. "Baba, bayan gidanka baƙi ne?"

Liman, gaban ɗansa da yayarsa. Ya kau da kai ga bango. Can ya ce, "Kamar kwalta. An jima ana haka."

Jinin da muka gani a bayansa an danne shi da auduga. Na cikin kuwa wa zai danne?

Aka riƙe shi a asibitin. Nas ta ce maganar asfirin ɗin, a tsaya ko a ci gaba, ta likita ce, ba tamu ba. Kuma kada a ba shi komi, ko na gargajiya, sai abin da ya fito daga hannunsu. Na san mutanenmu. Ba su zuwa dubiya hannu sake, kowa da abin da ya warkar da kawunsa.

Washegari da asuba na ɗauki tabarma na shimfiɗa a ƙofar ɗakin da yake kwance. Duk wanda ya zo sai ya zazzage aljihunsa gabana. Na farko ladaninsa ne. Na karɓe ƙullin saiwa daga hannunsa, na ce ya shiga da addu'a.