Gudiya Mai Kitso da Tabon Wuyan Buba

A unguwar Firchin ta garin Jega, macen da ta zauna gaban Gudiya ta san ba gashinta kaɗai za a duba ba. Kafin tsinke ya fitar da tsagar farko, Gudiya ta gama leƙen ƙeya da bayan kunne, har ta gangara wuya.

Ba ta yi boko ba. Shekara takwas ta yi tana shara a wani ƙaramin asibiti a Maiyama, inda mijinta ke gadi. Tsintsiya na hannu, ido na kan malamin asibiti da masu buɗe masa jiki. Da mijin ya rasu ta dawo Jega ta kama kitso, abin da ta gani kuwa bai bar kanta ba.

In aka kawo mata yarinya ta ga tabo zagayayye kamar kwabo, gashin wurin ya kakkarye, sai ta aje tsinke ta ce wa uwar, "Makero na. Kai ta asibiti, kuma kowa ya riƙe matajinshi." Wata amarya ta taɓa zuwa tana susar tsakanin yatsu a ɓoye. Gudiya ta kama hannun ta juya, ta tambaye ta ko angon ma yana susa in an kwanta. Amarya ta rufe fuska da gyale. Ƙazwa ce, sai da gidan duka suka shafa magani, aka dafa zannuwa. Ita dai ba ta taɓa sayar da ko ƙulli ɗaya ba. Takan ce nata gani ne, magani na masu shi.

A bazarar da ta biyo bayan yanke jihar Kebbi, ana tsakiyar kwasar albasa, sai ga Buba, taubashinta, direban babbar mota a Aliero. Kullum da tsiya yake shigowa yana kiran "Ina baiwata?" Ran nan sallama ya yi can ƙasa-ƙasa, ga rawani ya naɗe har haɓa, zufa na zuba.

"Buba, sarauta anka ba ka ban ji ba?"

"Bari wasa, Gudiya. Tawa ta ƙare."

Ya warware rawanin. Tabo ne fari-fari, nan da can, ya bazu daga wuya zuwa kafaɗu. Wani mutum a tasha, in ji shi, ya kalle shi ya ce haka kuturta ke farawa. Kwana goma ke nan abinci ba ya wuce masa.

Gudiya ta daina dariya, don ta san ba a wasa da wannan ciwo. Ta tuna malamin asibiti yakan sa mutum ya rufe ido, ya shafi tabon da auduga. In mutum bai ji ba, to akwai magana. Auduga babu, sai ta tsinci gashin kaza a tsakar gida.

"Rufe ido. In ka ji taɓi ka hwaɗi."

Ba ta kai ga gama jan gashin a wuyansa ba, ƙaton nan ya yi tsalle yana ƙyalƙyala, ya yi fatali da kwanon man kitso. Ta zaunar da shi, ta sake gwada kowane tabo, kowanne sai ya zabura. Sannan ta kankare ɗaya da farce, wani gari ya taso kamar dusa.

"Kyasbi na, baƙauye! Zuhwa da riga ɗaya tun daga Aliero har kurmi. Amma ka tahi asibiti su duba, su ba ka na shahwawa."

Maimakon murna, sai Buba ya dafe kai.

"To kuma mi?"

Ashe ya riga ya yi bankwana da duniya. Rediyonsa mai kaset ya ba ƙanensa Garba. Ya kuma zaunar da matarsa Luba ya nemi gafara, har ya tona mata cewa kazarta da ta ɓata bara ba shaho ya ɗauka ba, shi da abokansa suka gasa ta a bayan tasha.

Gudiya ta yi dariya har ta zame daga kujera.

A asibiti aka ce kyasbin ne, aka ba shi man shafawa, tabon ya daɗe kafin ya saje da fata. Garba ya ce kyauta ba ta komawa, sai dai ya ara masa rediyon ran Juma'a. Luba kuwa ba ta yi faɗa ba, ta dai ce kazar da ta rayu da yanzu ta yi jikoki. Sai da Buba ya shiga kasuwar Jega ya fito da kaji uku a rataye, ya bi ta bayan gari don kada Gudiya ta gan shi. Wata mai tallar fura ce ta kai mata labari tun bai isa tasha ba.