Kumatun Maƙwabcina

A shekarar da murar nan mai sarƙe numfashi ta zagaya unguwarmu ta Dilimi, mu biyu ta kayar a mako guda, ni da maƙwabcina tela. Tare muka yi karatun allo, amma ni nake karanta wa dattawan unguwa waƙoƙin wa'azi na ajami bayan La'asar, a zauren masallacinmu. Shekara da shekaru buzun mai karatun nawa ne.

Shi kwana biyar ya miƙe. Wani mai kemis ne ya ba shi ƙananan ƙwayoyin nan da ake sha don ƙiba, ya ce suna buɗe ƙirji. Ni kuwa 'yata ma'aikaciyar jinya ce, ta hana ni ko taɓa su. Ina kwance cikin bargo, sanyin Jos na ratsa ni, sai na riƙa jiyo muryarsa daga zaure yana karanta takarduna, ana amsa masa. Allah Ya yafe mini, ban taɓa jin amshi ya yi ƙarfi haka ba.

Da ya zo duba ni, ya yi kumatu, ni na koma kamar sanda. Ya zauna yana shan shayi da zuma, alhali kowa ya san yana da ciwon suga.

"Malam, kwanta abinka," in ji shi, "dattawa sun ce na fi ka jan baiti."

Na lura kuncinsa na hagu ya fi na dama tudu, yana kuma yawan dafa gefen hancinsa. Ya ce toshewa ce kawai, da ɗan baƙin ɓawo in ya fyace. Jama'a na ta yi masa barka da ƙiba. Na yi niyyar gaya wa 'yata, sai na ji kamar hassada ce za ta yi magana da bakina, na yi shiru kwana uku.

Ranar da na faɗa mata, ko mayafi ba ta gyara ba ta fita ta kai shi asibiti. A can likita ya ce fumfuna ce ta shiga kogon hancinsa tana cin nama. Mura ta raunana jiki, suga ya hau, ƙwayoyin kuma sun kwantar da garkuwar jikinsa. An yi masa aiki, an ceto ransa, idon hagu bai tsira ba.

Na koma kan buzuna, shi ƙananan baƙaƙe sun fi ƙarfinsa yanzu. Yana zama a hannun damana. Sai dai a makonnin da nake kwance ya haddace waƙoƙin kaf, in na yi tuntuɓe shi ke ɗora ni, dattawa su juya wajensa suna gyaɗa kai. Kullum ina istigfari a kan kwana ukun nan. A kan abin da nake ji in sun juya kuwa, har yau ban gama ba.